Tallafin Naira 25,000 kamar yadda na gan shi a gidan gwaggona

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk abin da mota ke ɗaukowa kuma ya bi sahu. A watan Oktoba gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 Naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku, da rancen dala miliyan 800 na Bankin Duniya a bayansa. Gwaggona na cikin waɗanda sunansu ya fito. Mijinta ya rasu, tuyar ƙosai take yi a Zariya, tana riƙe da marayu. Ni nake duba mata saƙon waya, shi ya sa na ga yadda abin ya gudana.

Inda shirin ya burge ni shi ne kuɗi aka ba ta a asusunta, ba kwalin taliya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon shinkafa ya san turereniyar da ake yi, tsofaffi a rana tun hantsi, masu ƙarfi su kwashe. A nan kuwa saƙo ya shigo, muka je wurin mai POS na bakin layi, ya cire ladansa, ya ƙirga mata sauran. Ta ƙulle a bakin zane, ba wanda ya sani.

Abin da ta yi da kuɗin ya fi komai tsaya mini a rai. Kafin nan bashin wake take karɓa a shago, a ɗora mata wani abu a kan kowace tiya saboda sai ta sayar za ta biya, ribar ta ƙare a can. Ranar da kuɗin ya zo ta shiga kasuwa ta auno wake da kuɗi hannu, ta sayi man gyaɗa, ta biya bashin maganin zazzaɓin autanta. Akwai akuyar da har an yi maganar kai ta kasuwa. "Ɗiyata, bar ta ta haihu," in ji ta. Naira 25,000 ba ta fitar da kowa daga talauci, amma ta hana gidan nan cinye jarinsa, kuma a ganina wannan shi ne ainihin aikin irin wannan tallafi.

Matsalar ita ce lokaci. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da shirin, aka kuma tsayar da biyan don bincike. Kasuwa kuwa ba ta jira ba: zuwa watan Yuni hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Kuɗin da zai auno tiya da yawa a 2023 ya koma na cefanen 'yan kwanaki. Mai ƙaramar sana'a ba za ta iya tsara komai a kan kuɗin da ba ta san ranar zuwansa ba. Da a ce ƙasa da haka ake bayarwa amma a rana tsayayya, wallahi da ya fi amfani.

Sai batun rajista. Sharaɗin lambar NIN da asusu yana toshe sunayen bogi, na yarda, amma a layinmu akwai wata tsohuwa makauniya da ba ta da waya balle asusu, ita ce kuma ta fi kowa buƙata.

Ga wanda yake da tsohuwa a cikin shirin, ya riƙa duba mata saƙonni da kansa. 'Yan damfara na kira suna cewa za su saka suna a jerin tallafi in an ba su BVN da lambar sirrin kati. An kira gwaggona ma, Allah Ya sa ta ce a jira in dawo daga aiki.