Keken Butterfly na ƙafa a hannun ɗan koyon da ke koya wa wasu

A yawancin shagunan teloli, daga Fagge har Damagaram, ba maigida ne ke zaunar da sabon yaro a kan keke ba. Maigida yana can yana yanka ko yana fama da masu kaya, wanda ya riga sabon zuwa da wata shida ko shekara shi ne malaminsa. A cikin gida ma haka ne. Mace ta yi 'yan watanni a wurin koyon sana'a, ta iya siket da doguwar riga, kafin hannunta ya faɗa a kan wuyan riga 'yan matan maƙwabta sun fara sallama da ƙyallayensu. Keken da aka fi yin wannan koyarwa a kansa shi ne baƙin Butterfly na ƙafa, ƙirar birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayo daga tsohon Singer 15. Idan aka auna shi da ma'aunin irin wannan malami, wanda shi ma bai gama koyo ba, ya cancanci kuɗinsa, amma yana da wuraren da zai kunyata mutum a gaban ɗalibansa.

Babbar falalarsa ita ce ba ya ɓoye komai. A kwantar da kan keken ta baya, ga sandunan da ke motsa haƙoran da ke tafiyar da yadi, ga ƙoshiya, ƙarfen da ke kamo zaren sama, tana kai da komowa. A juya wili da hannu a hankali, mai koyo zai ga allura ta sauka, ta ɗan ɗago, zare ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, bakin ƙoshiya ya cafke shi ya zagaya da shi gidan kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a kansa. Wanda ya ga wannan sau biyar da idonsa ya fahimci rabin matsalolin ɗinki. Malamin da iliminsa bai kai ya yi bayani da baki ba, keken zai yi masa. Sannan saurinsa a ƙafar mai taka yake, ba ruwansa da wuta ko janareta. Keken indostiriya irin Juki DDL-8700 yana iya kaiwa ɗinki 5,500 a minti ɗaya, kuma kuskuren sabon hannu a kansa kafin a ce tsaya ya tafi taƙi guda.

Wajen saye ne ake fara yin asara. A kwali ake sayar da shi kashi uku, kai da tebur da ƙafa, kuma ba duk abin da aka rubuta wa sunan ne na asali ba. Kada a karɓa sai an haɗa an gwada a gaban mai saye. A tafi da ƙyallen atamfa da na shadda. A ɗinka atamfar ninki biyu, shaddar ninki huɗu, a bi ta kan wani ɗinkin a ga ko zai tsallake. A kama sandar allura a girgiza ta hagu da dama, in tana wasa a bar shi. A danna sandar tsawon ɗinki zuwa baya a tabbatar yana komawa, domin akwai samfuran da ba su da ɗinkin baya, kuma da shi ake kulle farko da ƙarshen layi. Teburin shi ne mafi rauni a cikin kayan. Galibi katakon dusa ne da aka lulluɓe, in ruwa ya shige shi sai ya kumbura, kusoshin hinjis su saki. Wanda zai ajiye keke a tsakar gida ko a shagon da ke yoyo da damina gara ya sa kafinta ya yi masa na katako sosai tun farko. Ɗan littafin da ke zuwa da shi kuwa ba zai koyar da kowa komai ba.

Makon farko na ƙafa ne kawai. A cire bel daga kan wili, ɗalibi ya taka feda babu komai, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya gaba, yatsu su danna, diddige ya mayar. Abin da ake nema shi ne babban wilin ƙasa ya riƙa juyawa gefe ɗaya, ya tsaya, ya sake tashi ba tare da ya koma baya ba. Sai a mayar da bel, a cire zare da allura, a koya masa tayar da keke: hannun dama ya jawo wilin sama zuwa wajen ƙirjinsa, ƙafa ta karɓa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk lokacin da wili ya koma baya da zare a jiki, zaren zai cukurkuɗe a cikin ƙoshiya ya tsinke. Sabon malami yakan yi gaggawar wuce nan don a ga yana koyar da ɗinki na gaske, sai ya shafe wata guda yana zaro guntayen zare. Bayan ƙafa ta zauna, a saka tsohuwar allura ba zare, a bi layukan takardar littafin makaranta, daga nan a zana murabba'i da da'ira a bi. Takarda tana dakushe allura, saboda haka a ware guda ɗaya don wannan.

Allura ita ce inda malami ɗan koyo ya fi jin kunya. Wannan keke yana ɗaukar allura mai gindi da gefe ɗaya a shafe, wadda ake rubuta wa HAx1 ko 130/705H a jikin fakiti. Ta keken indostiriya, DBx1, gindinta zagaye ne, kuma a kasuwa sau da yawa ita ake miƙo wa wanda bai faɗi irin kekensa ba. A wannan ƙira shafaffen gefen yana kallon dama, wajen wili, dogon kwarin yana hagu, zare kuma daga hagu yake shiga zuwa dama. A tura ta sama har ta tokare kafin a ɗaure. In aka juya ta, ko aka bar ta ba ta kai ƙarshe ba, keke zai yi ta tsallake ko ya ƙi ɗauko zaren ƙasa gaba ɗaya, kuma babu abin da ya lalace. Lamba 14 ta ishi atamfa da yadin makaranta, 16 ta shadda mai kauri da kaki, 11 ta boyel da yadi mai laushi, 18 sai jins da labule. Kwarkwaro ma haka: na indostiriya ya fi na wannan siriri, zai shiga gidan amma zai riƙa rawa.

Sai tenshan, wato tsaurin zare, wanda kowane sabon hannu yake ɗora wa laifi. Dabarar da ta fi kowace a nan ita ce a saka zare kala biyu, ja a sama, fari a ƙasa, a kan baƙin ƙyalle. In aka ga jan zare ya taru ya yi gida a ƙarƙashin yadi, matsalar ta sama ce, duk da a ƙasa ta bayyana. Yawanci an zura zaren ne madannin yadi yana ƙasa, faifan tenshan a rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba, ko kuma an tsallake ƙarfen da ke hawa da sauka yana jan zare. A ɗaga madanni, a zare, a sake zurawa daga farko kafin a taɓa kowane noti. In farin ne ya leƙo sama, na saman ya yi tsauri, ko zaren kwarkwaro bai shiga ƙarƙashin ɗan sifirin ɗinsa ba. Ana gwada na ƙasa ta hanyar riƙe bakin zaren a bar gidan kwarkwaro yana lilo: ya kamata ya tsaya, in an ɗan girgiza hannu ya sauka kaɗan ya sake tsayawa. In ya zube ƙasa ya yi sako-sako, in ya ƙi motsi ya yi tsauri. Ƙaramin sukurun da ke jikinsa rubu'in juyi ma ya yi masa yawa, kuma a kwance shi a kan faranti, don in ya faɗi a ƙasar shago ya tafi ke nan.

Malamin da bai ƙware ba zai amfana ƙwarai idan ya riƙa ɓata keken da gangan. Ya juya allura, ko ya fitar da zare daga tenshan, ya ce wa ɗalibai su gano. Keken yana jure wannan, gyaran bai wuce minti ɗaya ba, kuma shi kansa malamin yana ƙara sanin alamomin. Keke mai kwamfuta ba a yi masa wannan wasa.

Akwai ɗabi'u biyu da ke yaɗuwa daga ɗan koyo zuwa ɗan koyo, wannan keke kuma ba ya yafe su. Ta farko jan yadi ta baya. Haƙora ne ke tafiyar da yadi, hannu saiti kawai yake yi. In an ja, allura za ta lanƙwashe ta daki farantin ƙasa, ta karye ko ta karce masa bakin rami, daga ranar zare ya riƙa tsinkewa ba a san dalili ba. Ana goge wurin da sanfefa mai laushi, in ya yi yawa a sauya farantin, ba shi da tsada. Ta biyu fara ɗinki ba a riƙe bakin zaren biyu ba. A ja su kamar inci huɗu zuwa baya, a danne da yatsa har an yi ɗinki uku, kuma a tabbatar ƙarfen jan zare yana can ƙololuwa a farko da kuma lokacin fitar da yadi. Farantin wasu ba shi da layin awo, sai a manna filasta rabin inci daga allura, ɗalibi ya riƙa kallon bakin yadi a jikinta maimakon kallon allura. Tsawon ɗinki 10 zuwa 12 a inci ɗaya ya dace da yawancin aiki, amma a lokacin koyo a buɗe shi ɗinkin ya fi haka tsawo, don farkewa za a yi ta yi.

Kulawarsa ba ta da wuya. Ɗigo ɗaya na farin man keke a kowane rami, ɗaya a hanyar ƙoshiya, kullum idan ana aiki da shi yini guda. Man gyaɗa da baƙin mai suna daskarewa su kama ƙura, musamman da hunturu, har wili ya yi nauyi. In an riga an yi wannan kuskure, kananzir ne ke wanke shi, sannan a sa man kirki a ɗinka tsumma har ya daina baƙi. A buɗe farantin haƙora duk mako a share audugar da ta taru. Bel ɗin fata yana saki bayan 'yan makonni: a buɗe ƙarfen da ya haɗa shi, a yanke rabin inci, a huda da ƙusa a mayar. Kada a yanke da yawa, bel mai tsauri yana gajiyar da ƙafa. A gidan da ke da yara a riƙa sauke bel in an tashi, domin babu abin da ke kare yatsa daga allurar.

Iyakarsa a fili take. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, babu zigzag, babu ramin maɓalli, ba ya kama bakin yadi, ba ya aikin wuyan riga. Yadi mai talewa yana ba shi wahala. Wanda ke koyar da kaftani zai ci gaba da aika ɗalibansa wajen masu waɗannan injuna. Yanka ma ba a kansa ake koyo ba, wannan aikin tef ne da alli da takardar buhun siminti. Akwai kuma gyaran da bai kamata sabon malami ya sa hannu ba. Idan an sauya allura, an sake zura zare, an share ƙoshiya, amma tsallake bai daina ba, mai yiwuwa sandar allura ce ta zame daga tsayinta bayan ta daki wani abu mai tauri, kuma saitinta na milimita ne. A kira mai gyara, a tara ɗaliban su tsaya a kansa har da malamin, a roƙe shi ya juya wilin a hankali ya nuna inda bakin ƙoshiya ya kamata ya wuce, ɗan sama da idon allura.