Sai da na zo Ingila Bature ya ba ni labarin tsuntsun Jos

Jama'ar Jos salamu alaikum. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya sha kaina, amma abin da ya same ni ranar Asabar ba zan iya haɗiye shi ni kaɗai ba.

Unguwar da muke zaune nan kusa da Manchesta akwai wani ɗan zaure na mazauna unguwa, kullum da abin da ake yi a ciki, yau masu saƙa gobe masu lambu jibi tsofaffi masu shayi da karta. Har da kulob na masu kallon tsuntsaye. Eh kallo kawai, ba harbi ba tarko ba gashi. Maƙwabcina wani dattijo tsohon malamin makaranta shi ya matsa min sai na zo, ni kuma kunyarsa nake ji don shi ke karɓar mana saƙo in ba ma gida, na ce to Baba zan zo.

Ashe ranar ƙidaya ce. Duk ƙarshen watan Janairu ƙungiyarsu ta kare tsuntsaye wato RSPB tana sa mutane su zauna awa ɗaya su ƙirga tsuntsun da ya sauka a bayan gidansu ko filin unguwa su tura mata, tun 1979 ake yi. Mu kuwa rabonmu da ƙirga mutane tun 2006, to bari dai in yi shiru. Muka tsaya cikin sanyi, wannan sanyin Disamba da muke wa 'yan Kano taƙama da shi wallahi wasan yara ne, kowa da madubin hangen nesa a wuya ni kaɗai hannu a aljihu.

Da aka koma shan shayi wani abokin Baba ya tambaye ni daga ina nake. Na saba, in na ce Najeriya a ce Legas, in ce a'a, magana ta mutu. Wannan karon ina cewa Jos sai mutumin nan ya ajiye kofi ya ce Jos? Amurum? Na ce na'am? Ya sake cewa Amurum. Na yi tsuru tsuru. Ya ciro waya ya nuna min wani ɗan mitsitsin tsuntsu ja, ya ce wannan sai a 1998 masana suka gane jinsi ne na daban, a duwatsun Jos, kuma akwai wani baƙi mai sheƙi da sunan Jos ɗin ma yake cikin sunansa, shi ba ya saƙa sheƙa sai ya je ya saka ƙwansa a sheƙar jan nan ya bar masa reno, har kukansa yake kwaikwaya. Ya ce dajin Amurum yana Laminga kusan kilomita 15 daga cikin gari, an ga tsuntsu sama da iri 300 a wurin, kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis ƙarƙashin Jami'ar Jos sama da shekara 20, ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban daban suna zuwa yin digiri na biyu. Sannan ya dube ni da murnarsa ya ce sau nawa na je.

Jama'a a Jos aka yanke min cibiya. A jami'ar nan na yi karatu. Na san mai tsiren da ya fi kowa a Bauchi Road, na san inda ake samun dankalin Turawa da araha a Farin Gada, amma Laminga ko hanyar ban taɓa bi ba. Mutum goma sha suna jiran amsa, wata tsohuwa har ta gyara kujera. Na ce ai mu tsuntsayen sun yi mana yawa ne shi ya sa. Aka yi dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Da za su tambaye ni wanda na harba da danko ina yaro da sun sha labari.

Abin haushi na biyu abincin tsuntsu. Kanti guda layi guda, buhu buhu, gyaɗa da irin furanni da dunƙulen kitse, da na duba wani buhun sai ga gero a ciki. Gero! Maman yara tana hawa bas biyu zuwa shagon 'yan Afirka ta sayo ɗan ƙulli da tsada don kunun azumi, ga shi nan ana watsa wa tsuntsu a bayan gida.

Amma in faɗi gaskiya tsarin kulob ɗin ya burge ni. Kuɗin wata fam 2 ne, ma'ajiyar ta tashi ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin biskit, ta manna takardar a bango. Madubi na aro ne, ka sa hannu ka dawo da shi, kuma ana dawowa da shi. Mu mitin ɗin unguwa in ba kuɗin maigadi ba to karo-karon taransifoma ne ko bohol, a tara a ji shiru, ka tambaya a WhatsApp a ce ba ka da kunya kana tuhumar manya. Ban taɓa ganin mun taru don wani abu na jin daɗi kawai ba, sai biki sai rasuwa sai matsala.

Kar kuma ku ɗauka aljanna ce. Awa biyu muna tare ba wanda ya tambayi iyalina, shayin ruwa ruwa, ƙarfe goma sha ɗaya na bugawa kowa ya ɗau jakarsa kamar an yi faɗa. Tsuntsayen ma yawanci ƙanana ne masu ruwan ƙasa, sun ga guda shida suna ta murna. Ni sai na tuna balbela bayan shanu, da shamuwa in ta sauka a ce damina ta zo, da ungulun da ke cika mayanka muna yara. Wai yaushe rabonku da ganin ungulu a Jos? Mutumin nan ya ce tun 2015 aka sa ta cikin jinsin da ke dab da ƙarewa, guba da masu sayar da kanta don magani sun gama da ita, na kasa musu don ni ma na san kasuwar.

Da daddare na kira ƙanina na ce gobe ya hau mashin ya je Laminga ya nemi Amurum ya ɗauko min hoton jan tsuntsun nan, ina so in nuna a mitin na wata mai zuwa. Ya yi shiru, ya ce Yaya lafiya kake kuwa? Na ce ƙalau. Ya ce to a turo na mai.