Wata shida ina saita agogon suwic da NTP Pool

Ni ke kula da netwok a wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a Kano. Suwic uku muke da su, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok, duk Cisco Catalyst 2960 ne 'yan gwanjo, kuma suna aikinsu lafiya. Abin da ban ba muhimmanci ba sai daga baya shi ne agogonsu.

Wata Talata bayan Azahar netwok ya tsaya cik a ɗakin jarrabawa. Da ya dawo na buɗe rajistar suwic ɗin, inda suke rubuta abin da ya faru da lokacinsa, in ga wace kafa (wurin cusa wayar netwok) ce ta fara faɗuwa. Suwic na farko ya nuna Mar 1 00:47. Na biyu yana cewa ƙarfe uku da wani abu, na uku kuma wani lokacin daban. A watan Agusta fa muke. Wannan samfurin ba shi da agogo mai batir a ciki, don haka duk sanda wuta ta ɗauke ya tashi, daga 1 ga Maris 1993 yake fara ƙirga. An ƙera shi ne da nufin ya riƙa karɓar lokaci daga waje, ni ne ban ba shi ba. Mu kuwa a wuni sai a sauya daga wutar gari zuwa janareta sau uku, kowane suwic da lokacin da ya tashi. Ranar ban iya gane abin da ya riga wani faruwa ba, abin ya tsaya mini a rai.

Na fara da umarnin clock set, na sa lokaci da hannu. Wuta na ƙiftawa ya goge.

Daga nan na koma NTP, tsarin daidaita agogo ta netwok da David Mills na Jami'ar Delaware ya fitar tun 1985. Sabobin da na zaɓa na NTP Pool ne, wanda aka fara a 2003, kuma 'yan sa-kai ne a faɗin duniya ke ba da injinansu kyauta. Ban haɗa suwic ɗin kai tsaye da su ba. Dalili kuwa, tsohon IOS, manhajar da ke tafiyar da suwic ɗin Cisco, yana mai da sunan saba zuwa lambar IP ne a lokacin da ka rubuta umarnin, ya riƙe wannan lambar, alhali sabobin pool suna shiga suna fita. Sai na ɗauko wata tsohuwar laftof da ke kwance a sito, na sa mata Ubuntu da chrony (manhajar karɓa da raba lokaci ta NTP), na nuna mata africa.pool.ntp.org, na buɗe mata UDP 123, ƙofar da NTP ke bi, a katangar tsaro. Batirinta na riƙe ta idan an ɗauke wuta, kuma da na ƙara layin local stratum 10, ko data ta ƙare tana ci gaba da ba suwic lokaci.

A kan kowane suwic layi uku ne kacal: clock timezone WAT 1 0, sai ntp server da lambar laftof ɗin, sai service timestamps log datetime msec localtime show-timezone. Na ukun nan shi ake yawan mantawa. In babu shi, agogo zai yi daidai amma rajista ba za ta nuna lokacin gida ba. NTP da UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, yake magana, Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, kuma ba ma sauya agogo da rani ko da sanyi, don haka ba ruwanka da summer-time.

A nan sai an yi haƙuri. Na buga show ntp status ya ce unsynchronized, stratum 16, wato agogon bai daidaita ba tukuna, har na fara zargin wayar netwok. Ashe mintoci yake ɗauka, domin duk daƙiƙa 64 yake tambaya a farko. Na zauna da kofin shayi ina maimaita show ntp associations, ina kallon lambar reach, mai nuna amsoshin da suwic ya samu daga laftof, tana hawa: 1, 3, 7, 17, har ta kai 377. Kafin ma ta kai can, tauraron da ke gaban lokaci a show clock ya ɓace, alamar suwic ya amince da agogonsa.

Abin da zan ce a sani shi ne sabobin pool a Afirka ba su kai na Turai yawa ba, kuma hidima ce ta sa-kai, babu wanda za ka kira idan ɗaya ta faɗi. Banki ko kamfanin sadarwa gara ya sayi agogon GPS nasa. Amma ga makaranta ko ƙaramin ofis irin namu, ya ishe mu har da ragi, kuma ban biya ko kwabo ba.

A watan jiya netwok ya sake rikicewa. Rajistar suwic ukun ta nuna kafa ta 14 a ɗakin sama ce ta fara, ƙarfe 11:06, sauran suka biyo bayan 'yan daƙiƙoƙi. Na hau na tarar wani ɗalibi ya cusa duka bakuna biyu na waya ɗaya a kafa biyu, na zare ta, aka ci gaba da darasi.