Sharhi kan Backtrack Boys: yaran da aka cire rai da su, da karnukan kiwo

Backtrack Boys fim ne na gaskiya, babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa. Catherine Scott ce ta shirya shi, ya fito a 2018, bayan ta shafe kimanin shekara biyu tana bin wasu samari da kyamara a Armidale, wani garin manoma da makiyaya a jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, kusan tsakiyar hanyar Sidni zuwa Birisben. Na kalle shi har ƙarshe ban tashi ba, kuma ina ba duk mai hulɗa da matasa shawarar ya neme shi, ko da yake akwai wuraren da ya bar ni da ƙishi.

Yaran da ke cikinsa irin waɗanda kowa ya gaji da su ne. Makaranta ta kore su, 'yan sanda sun san su da suna, wasu gidajensu shaye-shaye da faɗa sun tarwatsa. A wannan jiha ana iya gurfanar da yaro ɗan shekara 10 gaban kotu, don haka hanyar gidan kaso ba ta da nisa ga irinsu. Mutumin da ya tsaya musu shi ne Bernie Shakeshaft, tsohon ma'aikacin garken shanu wanda ya yi zama a arewacin ƙasar yana bin sawun dingo, wato karen daji na can. A 2006 ya buɗe shirin BackTrack a wata rumfar kwano a gefen gari, da burin da bai wuce abu uku ba: yaran su rayu, kada su shiga kurkuku, kuma su bi abin da suke mafarkin zama.

Karnukan su ne abin da ido ke fara kamawa. Karnukan kiwo ne, irin waɗanda ake kora tumaki da su a manyan gonakin ƙasar, marasa son zama, masu kaifin hankali. Kowane yaro yana da nasa da zai ciyar, ya wanke, ya horar. Sai a ɗebe su a mota zuwa bukukuwan baje kolin amfanin gona na ƙauyuka, inda ake gasar tsallake katanga: a jera katakai, kare ya sheƙo a guje ya haye, a ƙara wani katako a sama, har tsayin ya wuce kan mutum nesa. Yaro yana tsaye yana kiran karensa, jama'a suna tafi. Abin da ya taɓa ni a nan fuskar yaron ce. Wanda bai saba jin sunansa a bakin manya ba sai in za a tuhume shi, yau ga shi dattawan ƙauye suna miƙa masa hannu.

Mai kallo Bahaushe zai ɗan ja baya a wasu wurare, domin yaran suna rungumar karnukan, suna kwana kusa da su, kare na lasar musu fuska. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Amma karen aiki ba baƙo ba ne a wurinmu, mafarauta da makiyaya suna riƙe da shi tun kaka da kakanni. Da na kalle su a matsayin dabbobin aiki sai na gane hikimar. Kare ba ya karanta takardar kotu, bai san abin da yaron ya aikata jiya ba. In ka daka masa tsawa cikin fushi ba zai yi tsallen ba, dole ka sassauta murya, ka natsu. Yaron da babu wanda ya iya koya masa haƙuri da baki, ga shi yana koyonsa da kansa saboda yana son karensa ya ci gasa.

Duk da haka, a ganina ƙarfin fim ɗin yana wurin Bernie da sauran ma'aikatan, da wata ƙa'ida tasu guda: ba a korar yaro daga BackTrack. Ya yi zagi, ya fasa kaya, ya gudu, ya koma sata, gobe ƙofa a buɗe take. Mai shirya fim ɗin ba ta yi mana kwalliya ba a nan. Ƙaramin cikinsu, ɗan shekara 12, bakinsa cike da ashar, fushinsa kan tashi cikin ƙiftawar ido, kuma ana nuna yadda yake gajiyar da kowa. Wani ya faɗa gidan tsare yara, aka ci gaba da bibiyarsa har can. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne babbansu, saurayi mai taushin hali da ƙananan ke kallo a matsayin yaya, wanda kowa ya ɗauka ya tsira, sai dare ɗaya ya jefa kansa cikin rigimar da ta kai shi gaban alƙali. Yadda aka nuna zaman jiran hukuncin, da yadda manyan suka ƙi juya masa baya alhali ransu ya ɓaci, shi ne sashen da ya fi kowane nauyi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma waɗannan mutane ba su haifi yaran ba.

Na kuma so zaman da suke yi a da'ira, wani lokaci a bakin wuta, inda kowa zai faɗi yadda yake ji a ranar. Bernie ba ya dogon wa'azi. Tambaya yake yi, ya yi shiru, ya jira. Kyamara ma takan jira tare da shi, ba a cika mu da kiɗan sa kuka ba, kuma babu wani mai sharhi daga bayan fage da zai faɗa mana abin da ya kamata mu ji.

Inda fim ɗin ya gaza a wurina, na farko shi ne batun 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin. Da yawa daga yaran nan daga cikinsu suke, kuma a Ostareliya 'ya'yansu ba su wuce kusan kashi 6 cikin 100 na matasa ba, amma sun kai rabi ko fiye na matasan da ke tsare. Wannan yana da tushe a tarihin ƙwace ƙasa da raba yara da iyayensu, sai fim ɗin ya bar shi a gefe kamar kowa ya riga ya sani. Mai kallo daga waje zai iya fita da tunanin cewa matsalar ta rashin jin magana ce kawai. Sannan da kyar ake jin muryar iyaye mata, 'yan mata kuwa kusan babu su. Haka nan ban ga an tsaya kan kuɗi ba: wa ke biyan abinci, mai, da albashin masu kwana da yaran? Duk wanda fim ɗin ya zaburar har yake son gwada makamancinsa zai so a nuna masa wannan ɓangaren, da kuma sauran sana'o'in da shirin ke koyarwa, irin su walda da aikin gona, waɗanda su ne ke kai yaro ga abin dogaro bayan an gama tafi a filin gasa.

Masu kallo sun zaɓe shi a matsayin gwarzon fim na gaskiya a bikin fina-finai na Sidni a 2018, kuma a 2020 ƙasar ta karrama Bernie da lambar gwarzon al'umma ta shekara. Ingilishin ƙauyen Ostareliya yana da wuyar kamawa, suna haɗiye kalmomi, don haka a kunna rubutun ƙasan allo. Ashar tana da yawa ƙwarai, ban ga dacewar kallonsa da ƙananan yara ba. Malaman makaranta, ma'aikatan gidan gyaran hali, alƙalan kotun yara da iyayen da ɗansu ya fara fin ƙarfinsu su ne na fi so su zauna su kalle shi.