Katako, ƙarfe ko dal na kankare: me zai ɗauki rufin gidanka?

Iskar farkon damina da ke kwashe rufi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, takan tafi da kwano haɗe da katakonsa, domin ɗaurin da ke tsakanin katako da gini ne ke saki. Saboda haka, maigida, kafin ka tambayi kuɗin kwano, fara yanke shawara kan abin da zai zauna a ƙarƙashinsa.

Katako ya fi sauƙin kuɗi, kuma kowane kafinta ya iya aikinsa. Daga kudu ake kawo shi ta Ngaundere, kuma sau da yawa da ɗanyantakarsa yake isowa. In aka buga shi haka, zafin Maris da Afrilu zai busar da shi a sama, ya murɗe, ƙusa ta yi sako-sako, yoyo ya fara. Ɗaga shi ka ji: ɗanye ya fi nauyi, da sanyi a hannu. A jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi, ya sha iska makonni kafin a hau da shi. Farin katakon ayus yana da laushi, gara na sonsa. A bar shi ga aikin silin da allon zuba kankare. Katakon iroko ko safeli ne na ɗaukar rufi. Ma'aunin da aka saba shi ne santimita 3 da 15 na ƙafafun rufi, sai 8 da 8 ko 4 da 8 na waɗanda ake gittawa a buga kwano a kai. Tazarar na gicciyen kada ta wuce santimita 80 in kwanon siriri ne. A shafe kowane katako da maganin gara, musamman bakin da zarto ya yanka, nan ne kafintoci ke mantawa.

Ɗaurin kuwa tun wajen magini ake shirya shi: a binne rodi mai milimita 6 cikin kankaren da ya zagaye saman bango, a bar bakinsa biyu a waje, a naɗe ƙafar rufi da shi. Wayar da aka soka cikin bulo bayan an gama gini ba ta riƙe komai.

Ƙarfe ya fi tsada, amma gara ba ta cinsa, ga shi ya dace da falo mai faɗi ko shago. Duba kaurin bututun ƙarfen da idonka, sannan a shafa fentin hana tsatsa a kan kowace walda. In kwanon alminiyum za ka ɗora, mai kauri 5/10 ko 6/10 na milimita, a sa ƙusa ko noti da aka yi dominsa, mai roba a wuya, a buga a kan tudun kwano. Ƙusar baƙin ƙarfe tana cin alminiyum a hankali har ramin ya buɗe.

Azarar giginya har yau babu kamarta wajen jure gara, sai dai samun tsohuwa mai baƙin ƙashi ya yi wuya, kuma faɗin ɗaki kaɗan take ɗauka.

Dal, wato rufin kankare, na wanda ke da niyyar ɗora bene ne. Iri biyu ake yi. Akwai zubi zalla mai kaurin santimita 12 zuwa 15. Na 15 yana kai kilo 375 a kowace murabba'in mita. Akwai kuma na bulo mai rami, santimita 16 da kankare 4 a kai, wanda ya fi shi sauƙin nauyi da rage zafi, ya kuma isa ɗakin da faɗinsa bai wuce mita huɗu da rabi ba. Kowanne ka zaɓa, buhu 7 na siminti mai kilo 50 ake sa wa mita ɗaya kubik na kankare. Mai ce maka buhu 5 ya isa, daga ƙarfin rufinka ya rage. A ɗaga rodi da 'yan dunƙulen siminti kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 2 zuwa 3, in ba haka ba ya yi tsatsa ya fasa kankaren daga ƙasa. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma kada a cire tokara kafin kwana 21, ko da mai hayar katako yana matsa lamba. A ba saman gangara santimita 2 a kowace mita zuwa indararo, domin ruwan da ya kwanta sai ya nemi hanya.

Abu biyu ke hana mu ba kowa shawarar dal. Yana tara zafin rana ya sake shi da dare, ɗaki ya zama tanda. Sannan a ƙasar karal, irin ta kewayen Marwa da Kusiri, laka na kumbura da damina ta tsage da rani, nauyin kankare kan tushe marar zurfi sai ya tsaga bango. In ba bene a lissafinka, ɗauki busasshen katako ko ƙarfe, ka yi silin, ka bar ƙofofin iska masu raga a bango tsakanin silin da kwano. In kuwa da bene, injiniya ya ga tushe da ginshiƙai kafin ka sayi rodi.