Cream ko Colosseum: gida ɗaya, hali daban

Ɗan'uwa, jiya ka tambaya cewa ka ji ana yabon Colosseum, kai kuwa Cream kaɗai ka sani cikin ƙungiyoyin kiɗan nan biyu na Ingila, shin kiɗansu iri ɗaya ne, kuma wa ya fi. Ba iri ɗaya ba ne, amma gida ɗaya suka fito.

Gidan shi ne ƙungiyar Graham Bond ta Landan, inda Ginger Baker ke dukan ganguna, Jack Bruce na riƙe da jitar bes, Dick Heckstall-Smith kuma na busa saksofon. Da Baker ya tashi a 1966 ya haɗa Cream da Bruce da mai jita Eric Clapton, Jon Hiseman aka ɗora a kujerarsa. Shi wannan Hiseman ɗin ne ya kafa Colosseum a 1968 tare da Heckstall-Smith, bayan sun ɗan yi aiki a hannun makaɗin buluz John Mayall, mutumin da Clapton ma ya ratsa ta wajensa.

Cream mutum uku ne rak, kowanne gwani, kowanne yana ji da kansa. Tushensu buluz ne na baƙar fatan Amurka, suka ƙara masa amo da dogon kiɗan jita ita kaɗai. Sun yi suna, sun yi kuɗi, musamman a Amurka. Sai dai Baker da Bruce ba sa ga-maciji tun suna wajen Bond, abin ya zama wutar kara: a Nuwamba 1968 suka yi wasan bankwana a Royal Albert Hall, shekara biyu da 'yan watanni ke nan da kafuwa.

Colosseum fa, a nan zan ɗan tsaya. Su biyar suka fara, daga baya suka zama shida, kuma jita ba ita ce sarauniya ba a wajensu. Ogan (abin kiɗa mai kama da fiyano) na Dave Greenslade da busar Heckstall-Smith su ke jan ragama, ganguna na tura su daga baya, shi ya sa ƙamshin jaz ya fi tashi. Ranar da na fara jin su a waya, abin ji a kunne, na rantse mutum biyu ke busa. Sai da na ga hoton bidiyo: Heckstall-Smith ne shi kaɗai, mai sanƙo da tabarau, saksofon biyu a bakinsa lokaci guda. Faifansu na 1969, Valentyne Suite, da shi kamfanin Vertigo ya buɗe kasuwa, kuma kiɗan da ya ci sunan faifan ya cinye gefe guda cur, kashi uku, kusan babu baitin waƙa a ciki. Wanda ya saba da waƙar minti uku zai yi hamma. A 1970 Chris Farlowe ya shigo da muryarsa mai kauri, a 1971 suka fitar da faifan wasan kai-tsaye wanda ni a wajena ya fi duk sauran, a shekarar kuma suka watse.

Bambancin ya fi fitowa a abin da ya biyo baya. Cream ta sake haɗuwa a 2005, 'yan darare a Landan da New York, kowa ya kama gabansa. Colosseum ta dawo a 1994 ta yi ta yawo har 2015, Jamus ta fi Ingila rungumarsu. Da Heckstall-Smith ya rasu a 2004, matar Hiseman, Barbara Thompson, ita ta karɓi busar.

Maganar masu dukan gangunan biyu kuwa, hannun Baker nauyi gare shi, yana son kiɗan Afirka, har ya ratsa Sahara da mota ya zauna Legas, ya buɗe ɗakin naɗar kiɗa, ya yi faifai da Fela a 1971. Hiseman sauri da tsafta, ba ka jin dukan da ya faɗi a banza. In ka matsa mini, Hiseman zan ɗauka, ko da yake na san 'yan Baker za su yi mini ca.

Tunda kunnenka ya saba da Cream, kada ka fara da Valentyne Suite. Nemi faifan 1971 ɗin nan, a can jitar Clem Clempson ta fi fitowa fili, ita za ta riƙe ka har kunnen ya karɓi busar.