Kyamarar leƙa kunne: wata uku da ita a gidanmu a Garwa

Saboda Baba na saye ta. Tun hunturun bara yake ƙure muryar rediyo, magana kuwa sai an maimaita masa sau biyu. Duk mun ɗauka tsufa ne. Da wani mai kayan waya a babbar kasuwa ya nuna min abin, ban ja ciniki ba, na ƙirga masa jaka takwas. Tsawonta kamar biro, a bakinta akwai 'yar kyamara da ƙananan fitilu, sai wani ɗan cokali mai rufin roba na kwaso dattin kunne. Ana haɗa ta da waya, cikin kunne ya fito a allo.

Bayan la'asar na zaunar da Baba a tabarma. Na ɗan ja kunnen sama da baya, domin ramin kunnen babban mutum a karkace yake, sai an ja yake miƙewa. Wani dunƙule baƙi ƙirin kamar daddawa ya toshe hanyar gaba ɗaya, ga zaren auduga manne a gefensa, shaidar shekarun da ya yi yana tura dattin ciki da tsinke. Na ce, "Baba, ku ga abin da ya hana ku ji." Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan a kaina yake?"

Ban taɓa dunƙulen ba. Mun nuna wa likitan kunne hoton, ya ce a riƙa ɗiga man zaitun ɗigo 2 ko 3, safe da dare, har kwana 5, sannan ya wanke masa da ruwan ɗumi. A hanyar gida Baba yana ta mitar ƙarar babura. Ko a nan ta tsaya, kyamarar ta biya kuɗinta.

Cokalin ne ban yarda da shi ba, kuma a kaina na gwada. Hoton yana ƙara wa komai girma amma ba ya nuna zurfi, in abin ya ɗan juya a hannunka sai ka matsa dama hoton ya tafi hagu. Ramin kunne duka tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne. Kashi ɗaya cikin uku na bakinsa guringuntsi ne, nan ake samar da dattin. Daga nan zuwa dodon kunne ƙashi ne da fata siririya a kai. Can na kankara ban sani ba. Tari ya sarƙe ni, ido ya kawo ruwa, sai ga ɗigon jini ja wur a allo. Kwana uku ban kwanta ta wannan gefen ba. Robar cokalin ma sakwa-sakwa take, ina tsoron ranar da za ta zame a kunnen wani.

Sauran aibin ƙanana ne: bakinta yana ɗumi in an daɗe, gilashin yana dusashewa da ya taɓa datti, kuma muddin tana haɗe da waya babu intanet.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin likitan, cewa dattin nan kariya ne. Shi ke tare ƙura irin tamu ta hunturu, kuma da kansa yake gangarowa waje in ana tauna ko magana. Yanzu bakin kunne kawai nake gogewa da tawul bayan wanka. Ya kuma ja min kunne cewa in kunne na zubar da mugunya ko dodonsa ya huje, kada a ɗiga man zaitun, a zo asibiti. Yara ma ba na leƙa musu, ba sa zama wuri ɗaya.

Jiya maƙwabcina ya aiko a ara masa. Na goge bakinta tas da giyar asibiti na ba shi, cokalin kuwa na bar shi a aljihun keken ɗinkina.